Sensar Zafin Motar Nomau

Yaran da ke zuwa garejina koyon aiki, da wanda ya zo don kansa da wanda ubansa ya tiso ƙeyarsa, kusan duk ra'ayinsu ɗaya ne: gyaran wutar mota ai haɗa jar waya da ja ne, baƙa da baƙa, a naɗe da salatif, a wanke hannu. Ina jin su, ba na tanka musu. Sai wanda na ga ya fara zama, ya daina latsa waya in ana kwance kik, shi nake ba labarin motar Nomau. Yanzu da idona ya fara gajiya da ƙananan wayoyi, na ga gara in faɗe shi gaba ɗaya kowa ya ji.

Sunana Mani, amma a Batsari in ba ka ce Mani Riwaya ba, wani Manin za a nuna maka, mai sayar da buhu. Riwaya shi ne mai kula da duk inda wuta ke bi a jikin mota: kik mai tayar da inji, cajin batir, fitilu, hon, da agogunan nan da ke gaban direba. Ana raina mu, na sani. Bakanike in ya gama aiki kowa na ganin baƙin mai har gwiwar hannunsa, ni kuwa sai in yini a ƙarƙashin sitiyari in fito da 'yar wayar da ba ta kai yatsa ba in ce ga ciwon nan.

A Katsina na koyi aikin, wurin maigidana Malam Iro, Allah ya jiƙansa. Siriri ne, marar yawan magana, kuma duk kayan aikinsa a tsohuwar jakar fata ɗaya suke: filaya, sukundireba, 'yan sufanu, ƙaramin magagari, ƙarfen narka darma da ake turawa cikin garwashi, da ƙwan gwaji, wato ƙwan fitilar mota da aka liƙa wa waya biyu. Da ƙwan nan yake bin wuta tun daga batir har inda ta maƙale. Na daɗe ƙwarai ina hura garwashi da kankare kan batir kafin ya bari na taɓa motar mutane. In na ce masa, "Maigida, ina jin fis ne," sai ya dube ni ya ce, "Kana ji, ko ka gwada?" Bai taɓa dukana ba, amma tambayar nan a gaban direbobi tana sa ni in rasa inda zan sa kaina.

A wurinsa na san sensar zafi. 'Yar tagulla ce kamar babban yatsa, ana murza ta a kan inji, bakinta na cikin ruwan da ke zagaya injin, waya ɗaya ta fito daga bayanta ta tafi agogon zafi da ke gaban direba. Ruwa ya yi zafi, sensa ta ƙara sakin wuta, allurar agogo ta hau. Iyakar aikinta ke nan. Abin da yara ba su sani ba, kowane agogo da irin sensar da aka ƙera shi da ita. Za ka samu biyu kamanninsu ɗaya, duk su shiga ramin lafiya lau, amma ɗaya ta sa allura ta faɗi gaskiya, ɗayar ta bar ta kwance a ƙasa inji na tafasa. Malam Iro ba ya ɗaura sensar da bai dafa ba. Zai jona ta da agogon motar da doguwar waya, ya tsoma bakinta cikin gwangwanin ruwa a kan wuta, ya zauna yana kallon allura. In ruwa ya fara tsuwa, ƙananan kumfa na tasowa daga gindin gwangwani, allura ta kasance a tsakiya. In ya tafasa sosai, ta taɓa bakin ja. Wadda ta saɓa wa haka, ko sabuwa ce dal a kwalinta, mayar wa mai shago yake yi.

Su kuwa direbobinmu na nan, Allah ya shirye su, ba abin da suke so irin su ga allurar zafi kwance a ƙasa. A wurinsu alamar lafiyar inji ke nan. Mutum zai shigo gareji fuska a murtuke ya ce motarsa na zafi, ka leƙa ka ga allura na tsakiya daram, inda ya kamata ta zauna. Ka yi masa bayani har bakinka ya bushe, ya ce shi dai a yi mata dabara ta sauka. Akwai masu yi musu, don abu ne mai sauƙi, kuma direba zai tafi yana sa albarka. Ni ban taɓa yi ba, na kuma rasa masu kawo mini aiki da dama a kan haka. Wasunsu sun dawo daga baya, ana jan motarsu da igiya.

Shekarar da aka rufe kasuwanninmu aka ɗauke sabis ɗin waya saboda ɓarayin daji, ban taɓa ganin irinta ba a sana'a. Motoci suka yi ƙaranci a hanya, mai ya yi wuya, kayan gyara suka ɓace daga shaguna. Da, in ina neman wani abu sai in buga waya Katsina ko Kano a ba direba ya sauke mini a tasha. A shekarar nan ba waya, ba direban da za a ba. Na koma gyaran tocila da rediyo don a samu na tuwo. Mutanen ƙauyuka suka cika gari, suna kwana a kangaye da zaurukan dangi. Duk direban da ya ɗauki hanyar Runka kuwa ya san akwai wuraren da mota ba ta tsayawa, ko taya ta fashe sai dai a tafi a kan ƙarfe.

Nomau na cikin 'yan kaɗan da ba su daina bin hanyar ba. Sa'ana ne, mutumin Gidan Barau, wani ƙaramin ƙauye a bayan Runka, gidan manoma tun kaka da kakanni. Ubansa ne ma ya fara salla a zuriyarsu. Motarsa a-kori-kura ce irin ta da, mai giya a jikin sitiyari, wadda aka daina kawo irinta tun muna samari. Ya gaje ta wurin maigidansa, ya yi mata bodin katako, yana kuma wanke ta fiye da yadda yake wanke rigarsa. Gero, dawa, gyaɗa, awaki, amare, marasa lafiya, ba abin da ba ta ɗauko daga dajin nan ba.

Sensarta ta asali ta mutu da damina. Maimakon ya zo wurina, sai ya shiga shago ya sayi sabuwa mai ƙyalli, mai shago ya ce masa ai duk ɗaya ne in dai ta shiga ramin. Ta kuwa shiga. Ya ɗaura da hannunsa, allura ta ɗan ɗaga kai ta tsaya can ƙasa, ba ta ƙara motsi ba. Nomau ya yi ta cika baki a tasha wai motarsa ta koma yarinya, ko rairayi ta shiga ba ta zafi. Har gabana ya zo ya faɗa, da gayya. Na ce ya kawo in dafa sensar, ya yi dariya ya ce shi ba ya shan romon ƙarfe. Da kaka ta yi ya ɗauko gyaɗa daga Karare, ƙaiƙayi ya toshe gaban lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji. Allura na kwance abinta har inji ya ƙone gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya tsaya. Allah ya taimake shi a cikin gonaki ne, da rana tsaka, ga mutane. Shanun noma suka jawo motar har bakin kwalta.

Lawal bakanike, maƙwabcin garejina, shi ya buɗe injin. Ya sha wuya kafin ya samu gaskit, ya kai kan injin aka goge shi. Da ya haɗa, a gabana ya ce wa Nomau, "Kan nan ya zo ƙarshe, ba sauran abin da za a ƙara gogewa. In ya sake tafasa sau ɗaya, sai dai ka kira 'yan gwangwan su auna ta a sikeli."

A cikin kwanakin ne saƙo ya iso ta bakin wani mai keke: mutanen Gidan Barau za su tashi. An kwashe ƙauyen da ke kusa da su, an kuma aiko musu cewa su ne na gaba. Masu ƙafa sun riga sun bi daji sun fito. Saura tsofaffi, da wata mai jego, da ɗan hatsin da aka samu aka sussuke, da Inna Dije, mahaifiyar Nomau, wadda ba ta iya hawa babur. Ba direban da ya yarda ya shiga. Nomau ya zo mini da la'asar, idanunsa jajur, ko gaisawa ba mu yi sosai ba.

"Mani, ɗaura mani ko wace iri ce in tai," in ji shi. "Ko ka toshe ramin. Ni da motar ga mun san juna, in ta yi zafi hancina zai gaya mani."

"Hancin naka yana ina ranar Karare?"

"Ba lokacin ba'a ba ne wanga. Tsohuwa na can!"

"Na sani. Shi ya sa ba za ka tafi da makahon agogo ba. In ka ji ƙauri, ai an riga an gama. Ka ba ni gobe kawai."

Na zare makullin na sa a aljihu. Ya tsaya yana kallona kamar zai rufe ni da duka, sannan ya juya ya zauna a kan tsohuwar taya ya dafe kai. Na san abin da na ɗauko ba ƙarami ba ne. In aka afka wa garin kafin ya isa, ni na riƙe shi, kuma ba zan iya ƙara haɗa ido da shi ba. In na sake shi injin ya mutu a tsakiyar kurmi da tsofaffi a baya, ba waya, ba mai ceto, nan ma ni ne. Tsoro ya kama ni sosai, sai dai ban bari ya gani ba.

Kafin magariba na gwada agogon. Na cire wayar daga sensa na taɓa ta a jikin inji, allura ta tashi har ƙarshen ja. Agogo lafiya, waya lafiya, sensa kaɗai ake nema. Na zagaya shagunan kayan mota na Batsari, na aro duk wadda zarenta, wato tsagin da ake murza ta da shi, ya yi kama da namu. Na dafa su a garwashina. Duk na motocin baya-bayan nan ne, ba wadda ta kai allura ko tsakiya. Irin motar Nomau kuwa ba sauran ko ɗaya a garin, har mushensu an kwashe, don a shekarun wahalar nan duk mai mataccen ƙarfe a ƙofar gida ya sayar ya sayi hatsi. Can na tuna inda mushen suka tafi. Rabe mai gwangwan a Safana shi ya saye yawancinsu, kuma 'yan gwangwan ba sa haɗa tagulla da baƙin ƙarfe. In sun fasa inji da guduma, duk wani abu mai ruwan tagulla a buhu daban suke tara shi.

Da sassafe na samu wata motar hatsi na maƙale a baya, ta hanyar da ta fi tsawo amma ake ganin ta fi dama-dama. Na tarar da Rabe ana ɗinke buhunan da za a loda zuwa Kano. Muka gaisa, na tambayi gida da iyali da yadda ake ji da hali, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Oga Mani, kowa ƙarfe yake kawo mani, kai ne na farko da ya zo tsinta," in ji shi. "Motar wa ce haka?"

Da ya ji ko ta wa ce da inda za ta, sai ya miƙe. Ya sa wuƙa ya farke ɗinkin da hannunsa, muka zazzage buhunan a kan tabarma. Ban manta abin da na gani a ciki ba: kan famfo, kwaɗon ƙofa, guntayen lagireto, da tasoshin mata irin na jere, da mundaye, kayan ɗakin da 'yan gudun hijira suka sayar a kilo. Na durƙusa ina tona har rana ta take, yatsuna suka yi kore, gwiwoyina suka sage. Duk abin da ya yi kama da sensa na jefa a hula. Wasu guduma ta murƙushe su, wasu tsatsa ta cinye bayansu. Na tashi da rabin hula, Rabe ya ce in tafi da su Allah ya sa a dace.

Ban samu motar komawa ba sai yamma. Nomau na nan a kan tayar kamar bai tashi ba tun jiya. Hular kawai ya kalla. Na kankare su da magagari da kananzir har duhu ya hana ni gani, na ware waɗanda ke da alamar rai.

Da asuba, bayan salla, muka turo motar kusa da teburin Sule mai shayi, don wutarsa ta riga ta kama, tawa kuwa sai an hura. Muka tsayar da ita nesa kaɗan saboda fetur, na ja waya biyu dogaye daga motar har bakin murhu: ɗaya daga agogo zuwa bayan sensa, ɗaya daga jikin mota zuwa jikin sensa. Sule ya ce sai dai in nemi gwangwanina, ba za a sa masa ƙarnin inji a tukunya ba. Na sa Nomau ya zauna a kujerarsa ya buɗe makulli, ya riƙa faɗa mini inda allura take. Masu shan shayi suka kewaye mu da kofunansu. Wani ya ce Mani ya fara girki, wani ya ce a sa masa gishiri.

Ta farko da na tsoma, har ruwa ya tafasa allura ba ta motsa ba. Matacciya ce. Wata kuma tun ruwa na ɗumi ta harba allura cikin ja. Irin wannan ma mugun abu ce, don za ta yi ta tsayar da direba a banza har ya daina yarda da ita. Wata ta yi shiru har sai da ruwa ya tafasa, sannan allura ta yi tsalle gaba ɗaya, na gane ta fitilar gargaɗi ce, ba ta agogo ba. Kowace sai na zubar da ruwan na sake ɗora mai sanyi, don ina so in ga hawan allurar tun daga ƙasa. Rana ta fara fitowa, hula ta kusa ƙarewa, masu ba'a suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Sai na ɗauko wata baƙa ƙirin, mai lanƙwasasshen zare, wadda har na so in yar tun a Safana. Na tsoma bakinta. Ruwa ya yi ɗumi, Nomau ya ce, "Ta ɗaga." Ruwa ya fara tsuwa, na ce, "Yanzu fa?" Ya ce, "Tsakiya." Na ƙara wa wuta iska har gwangwani ya fara rawa. "Yanzu fa?" Ya leƙo ta taga ya ce, "Ta taɓa ja, Mani. Bakin ja daidai." Sule ya yi kabbara. Ni kuwa na sauke gwangwanin na bar shi ya huce ina tambayarsa, allura ta sauko a hankali yadda ta hau. Na sake ɗora sabon ruwa na maimaita. Nomau ya ce don Allah ya isa, na ce bai isa ba sai na gani da idona, muka yi musanyar wuri.

Saura zaren da guduma ta taɓa. Na zauna da ƙaramin magagari na bi tsagin ɗaya bayan ɗaya ina tayar da shi, har ta shiga ramin da yatsa kawai ba tare da sufana ba, don in aka matsa ta da ƙarfi ta ci zaren kan injin, an yi ba a yi ba. Na liƙa mata sabon kai da darma. Lawal ya miƙo mini farin zaren roba na masu famfo in naɗa don kada ta yi yoyo, na ce a'a. Sensa ta jikinta wuta ke komawa cikin inji, in ka naɗe ta da roba ka raba su, allura ta koma ƙarya. Wasar jan ƙarfe, 'yar zoben nan mai hana yoyo, na sa mata, na ɗaure. Muka tayar da mota, allura ta hau a hankali ta tsaya a tsakiya.

"Ka gani ko, zafi take," in ji Nomau.

"Lafiyarta ke nan. Nan za ta zauna. In ka ga ta bar nan ta nufi ja, ka nemi fili ka tsaya tun ba ta isa ba, ko wa ke maka ihu a baya."

Na ba shi makullinsa. Ya ɗauki galan ɗin ruwa da tsumman roba da filaya, ya ja mota ya tafi.

Ranar ban yi aikin kirki ba. An kawo mini rediyo na buɗe na rufe ban san abin da na gani ba. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Ana shirin kiran magariba na ji ƙarar injin tun daga nesa, don ba mai irinta a garin. Ta shigo a hankali, bayanta ya kusa taɓa ƙasa: buhuna, tabarmi, turmi, kaji a ɗaure, tsofaffi a saman kaya, mai jego a gaba da jaririnta. A ƙofar garejina ya tsaya kafin ko'ina. Na leƙa ta taga tun bai kashe ba, allura na tsakiya.

Ya sauko, ya ba ni labari a tsaye. Sun loda lafiya, sun fito lafiya. Da suka haye rafin nan mai yashi, wani kututture ya daki ƙasan motar, bai ɗauke shi komai ba. Can gaba kaɗan ya ga allura ta bar tsakiya. A gabansa kuwa ga bakin kurmin da kowa ke tsoro, inda hanya ke matsewa ba a ganin gaba ba a ganin baya.

"Zuciyata ta ce in taka wuta in wuce," in ji shi. "Na baya suna bugun bodi, suna kada ka tsaya, kada ka tsaya. Na dube ta, tana tahiya tana tahiya. Na ce wagga dai a gabana aka dafa ta. Na karya kan mota cikin wata gonar gero da aka girbe, inda ake hangen ko'ina, na kashe."

Kututturen ya yage tiyon ƙasa na lagireto, ruwa na zuba kamar an buɗe famfo. Ya kwanta a ƙasa ya naɗe shi da roba ya ɗaure da waya, suka jira inji ya huce, kowa ido na kan daji, ba mai ko tari. Da ya juye galan ɗinsa, ko rabin lagireton bai kai ba. Ba rijiya kusa, ba gari, kuma kowa hatsi ya ɗauko, ba wanda ya ba ruwa wuri. Sai mutum ɗaya. Inna Dije ta ƙi hawa motar tun farko sai da aka ɗora mata jarka cike da ruwan rijiyar gidansu, wai ita ruwan birni ba ya kashe mata ƙishi. Tana rungume da jarkar tun daga gida. Nomau ya ce ya je ya tsaya a gabanta. Ita ta dube shi, ta dubi motar, ta miƙo masa.

Yana cikin ba ni labarin aka sauko da ita. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ta dogara da karan dawa. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata barka da isowa.

"Kai ne mai allurar?" ta ce.

"Ni ne, Inna."

"Kai ka sa aka juye mani ruwana cikin ƙarfe."

"Ni ne, Inna. A yi haƙuri."

Ta dube ni. Sannan ta ɗora hannunta a kaina, ni da furfurata, ta ce, "Aradu ka iya aikinka, ɗan nan. Allah shi yi maka albarka." An yaba mini a sana'ar nan ba sau ɗaya ba, manyan mutane ma sun yaba, amma wannan ce nake tunawa in na ga yaro na raina 'yar waya.

Inna Dije ba ta koma Gidan Barau ba, a nan Batsari Allah ya karɓi abinsa. Ba wanda ya koma. An ce rufin ɗakunan ya rufta, rijiyar ma ta cike da ƙasa. Motar na nan tana aiki, sensar nan baƙa na jikinta, kuma yanzu duk direban da ya ce a saukar masa da allura, Nomau ke fara yi masa faɗa kafin ni.

Kwanan baya ya kawo ta in duba kan sensar da darmarsa ta saki. Sai an kwance ta, in an kwance kuwa ruwa zai zubo. Kafin in sa sufana ya ce in dakata. Ya je gidan gaba ya ɗauko wata roba wankakkiya ya tara a ƙasa, ya tare ruwan tas, ko ɗigo bai bari ya taɓa ƙasa ba. Ruwan ya yi ja da tsatsa. Na ce masa wannan ai ya kamata a zubar a wanke lagireton gaba ɗaya, haka ake yi wa kowace mota. Lawal ya ɗago kai daga aikinsa ya ce in bar wahalar da kaina, shi ma ya yi ya gaji, tun ranar nan mutumin bai yarda an juye shi ba, sai dai a ƙara a kai.

Nomau ya tace ruwan da gefen rawaninsa, yana mayar da shi a hankali.

"Bar shi, Mani," ya ce. "Na gida ne."

Na ɗauko butata na cika masa sauran.